Zangon da ake sauka ta waya: sansanin intanet na yara masu ciwon ƙodar da ba a cika gani ba

A gidanmu da ke Aboabo akwai yaro, ɗan ƙanwata, wanda ya shekara huɗu yana fama da ciwon ƙodar da likitoci ke kira nefrotik. Yana ganin likita a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mu mutanen Kumasi muka fi sani da Gee, yana shan magani a kan ƙa'ida, mahaifiyarsa kuma ta ƙware wajen tsoma ɗan tsinken gwaji a cikin fitsarinsa na safe ta duba launin da ya bayar. Wata rana muna cikin mota a hanyar dawowa daga asibiti sai ya dube ni ya ce, “Kawu, a duk Kumasi ni kaɗai ne aka hana wa gishiri?” Na ce masa a'a, akwai wasu. Ya ce, “To suna ina?” Ban iya nuna masa ko ɗaya ba. Wannan tambaya ce ta sa na tsaya na fahimci wani tsari da ya yaɗu a Amurka da Ingila, inda ake tara irin waɗannan yara a sansanin hutu ta hanyar intanet, kowa yana zaune a gidansu.

Kafin a gane amfanin sansanin, sai an gane yanayin ciwon. A kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ke tace jini dare da rana, su fitar da datti da ragowar ruwa su zama fitsari, su bar abin da jiki ke buƙata. A ciwon nefrotik waɗannan matatu ne ke yoyo, sai furotin ɗin da ya kamata ya zauna a cikin jini ya riƙa zubewa a fitsari. Idan furotin ya yi ƙaranci a jini, ruwa ba ya tsayawa a cikin jijiyoyi, sai ya taru a naman jiki. Shi ya sa yaro ke tashi da safe idanunsa a kumbure, zuwa yamma kumburin ya sauka ƙafafu da ciki, fitsarinsa kuma yana kumfa kamar an zuba sabulu. Ciwon ya fi kama yara ƙanana, maganin farko da ake ba su kuwa shi ne firedinisolon, wanda ake sha na tsawon makonni takwas zuwa goma sha biyu a karon farko. Yara da yawa suna warwarewa da shi, sai dai ciwon yakan dawo, sau da yawa bayan mura ko zazzaɓi. Wasu kuma maganin ba ya yi musu aiki, musamman masu nau'in da ake kira FSGS, wanda ke barin tabo a matatun har ƙodar ta gaza, a kai ga wankin ƙoda ko dashe.

Akwai wasu cututtukan da suka fi wannan wuyar gani. Ciwon Alport, wanda ya samo suna daga likitan da ya bayyana shi a 1927, gado ne. Yana sa jini a fitsari, yana taɓa ji da gani, kuma ya fi tsananta ga yara maza. Sistinosis kuwa, wanda shi ma ciwon gado ne da ke lalata ƙoda, yana samun kimanin jariri ɗaya a cikin 100,000 zuwa 200,000, kuma tsohon nau'in maganinsa sai an sha kowane awa shida, har da tsakar dare, yana kuma barin wari a baki da jiki wanda ke sa yaro jin kunyar shiga cikin tsaransa. A Turai ana kiran ciwo wanda ba a cika gani ba idan bai wuce mutum ɗaya a cikin 2,000 ba. Lissafin nan yana da ma'ana a rayuwar yaro: zai iya gama firamare da sakandare, ya sauke Alƙur'ani, bai taɓa haɗuwa da wani mai irin ciwonsa ba.

Mu mutanen Afirka ta Yamma muna da wani dalili na musamman da zai sa mu kula da wannan batu. A 2010 masana suka gano cewa wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1 suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda, ciki har da FSGS, kuma nau'o'in sun fi yawa a tsakanin mutanen wannan yanki da zuriyarsu da ke ƙetare, saboda a da sun kare kakanninmu daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani babban bincike da aka yi a kan mutane fiye da 8,000 a Ghana da Najeriya, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka gwada suna ɗauke da kwafi biyu na waɗannan nau'o'i. Akasarin masu ɗauke da su ba za su kamu da ciwon ba, amma binciken ya isa ya nuna cewa wannan ba ciwon Turawa ba ne da muke kallo daga nesa.

Shi kansa sansanin hutu na yara marasa lafiya tsohon abu ne. Tun 1925 aka fara sansanin yara masu ciwon suga a jihar Michigan ta Amurka, shekaru kaɗan bayan gano insulin. A 1988 ɗan wasan fim Paul Newman ya buɗe wani sansani a jihar Connecticut domin yara masu cututtuka masu tsanani, ba tare da iyaye sun biya ko sisi ba, kuma daga nan aka samu ƙungiyar SeriousFun wadda ke da sansanoni a ƙasashe da dama. Tsarin shi ne yaro ya bar gida na kimanin mako guda, ya kwana da tsaransa, ya yi iyo da hawan doki da wasannin dare, likitoci da ma'aikatan jinya suna kusa amma ba sa cika masa ido. Da annobar korona ta zo a 2020, waɗannan yara su ne aka fi jin tsoron su kamu, sai sansanonin suka rufe ƙofofinsu suka koma Zoom da makamantansa. A Ingila ƙungiyar Over The Wall ta buɗe nata mai suna Camp in the Cloud a wannan shekarar. Abin lura shi ne, bayan annoba ta lafa aka sake buɗe sansanonin zahiri, wasu ƙungiyoyi ba su rufe na intanet ba, domin sun ga ya kai ga yaran da a da ba sa iya zuwa ko kaɗan.

Yadda ake gudanar da shi ba shi da sarƙaƙiya. Iyaye su yi rajista, a tabbatar da ciwon yaron, a aiko masa da akwati ɗauke da kayan zane da riga da sauran abubuwan da za a yi amfani da su. A raba yara rukuni-rukuni bisa shekarunsu, kowane rukuni da manya masu kula da shi waɗanda aka tantance aka horar. A haɗu na awa ɗaya ko biyu a rana na wasu kwanaki, a yi waƙa, a yi zane, a yi gasa, a dafa wani abu tare, wani lokaci kuma a kawo likita ko masanin abinci yara su yi masa tambaya da bakinsu. Sau da yawa akan keɓe zama na 'yan'uwan mara lafiya, da wani na iyaye.

A ganina wannan tsari ya fi dacewa da ciwon ƙoda irin wannan fiye da yawancin cututtuka, kuma babban dalilin shi ne warwatsuwar masu shi. Idan kana son tara yara goma masu sikila, ba sai ka fita daga Asawase ba. Idan kuwa yara goma masu Alport kake nema, sai ka haɗa Kumasi da Accra da Tamale da Bolgatanga, wataƙila ma sai ka leƙa Lome da Yamai. Kuɗin mota da masauki da abincin mai rakiya kaɗai ya isa ya hana taron, ballantana a ce uwa mai sana'a a kasuwar Kejetia ta rufe shagonta na mako guda. Waya tana kawar da wannan nisan gaba ɗaya. Ga kuma batun garkuwar jiki: firedinisolon da magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashe suna raunana ta, har ƙarambau da sauran yara ke yi su warke a cikin kwanaki zai iya kwantar da irin wannan yaro a asibiti. Cunkoson ɗakin kwana na sansani haɗari ne gare shi. Wanda ke wankin ƙoda kuwa, ƙa'ida ita ce sau uku a mako, kimanin awa huɗu kowane zama, don haka ba ya iya yin nisa da injin. Amma yana iya riƙe waya a hannun da ba a ɗaura wa bututu ba, ya shiga taron daga kan gadon asibiti.

Abin da yaro ke samu a nan ya fi wasa, ko da yake wasan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka saba ce wa “zauna kar ka gaji.” Firedinisolon yana sa fuska ta yi zagaye, kumatu su cika, yunwa ta yi yawa, hali ya riƙa sauyawa, idan an daɗe ana sha kuma yana rage tsawo. Yaron da ya koma aji da irin wannan fuska ya san abin da zai ji daga bakin 'yan ajinsu. Ɗan ƙanwata ya taɓa ɓoye ƙwayar maganinsa a ƙarƙashin katifa na kwana uku, ba don ɗaci ba, sai don yana son fuskarsa ta koma yadda take. Da mahaifiyarsa ta gano, kuka ta yi kafin ta yi faɗa. Likitocin ƙoda sun san wannan matsala sarai, kuma sun san tana ƙaruwa idan yaro ya balaga. Matasa na cikin waɗanda suka fi rasa ƙodar da aka dasa musu, kuma barin shan magani na daga cikin manyan dalilai. Nasihar uwa da gargaɗin likita suna da iyakarsu, domin dukkansu ba su ne ke ɗauke da kumatun ba. Amma idan yaro ya buɗe waya ya ga fuskoki takwas masu irin kumatunsa, ɗaya daga ciki ya girme shi da shekara biyar, yana ce masa shi ma ya yi haka kuma fuskar ta sauka da aka rage maganin, wannan magana tana shiga inda ta manya ba ta shiga.

Ba zan ɓoye abin da ake rasawa ba. Mako guda da yaro ke yi nesa da gida yana koya masa ya riƙe maganinsa da kansa, yana kuma ba iyaye hutun da suka daɗe ba su samu ba, kuma babu ɗaya daga cikin biyun da ke samuwa idan yaron yana zaune a tsakar gida uwarsa tana leƙo shi. Abotar da aka ƙulla a kwano ɗaya ta fi wadda aka ƙulla a fuskar waya ƙarfi. Yara ƙanana ba sa jure dogon zama a gaban allo. Saboda haka inda za a iya haɗa biyun, a yi taron waya a tsawon shekara a kuma haɗu ido da ido ko da na wuni ɗaya ne, hakan ya fi.

Mu da muka tashi a zango bai kamata wannan tunani ya zame mana baƙo ba. Kalmar da ake kiran unguwanninmu da ita, asalinta wurin da fatake ke sauke kaya ne a kan hanyar Gwanja, inda Bakano da Bakatsine da Bazabarme da ba su san juna ba suke kwana wuri ɗaya, su ba juna labarin hanya, wanda ya riga wucewa ya faɗa wa na baya inda kogi ya cika. Sansanin intanet irin wannan zango ne ga yaran da ke tafiya ɗaya mai tsawo, kowa daga garinsu. Sai dai idan aka kwaso tsarin Amurka yadda yake aka dire shi a Kumasi, 'ya'yan masu hali kaɗai zai kai wa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani sosai.

Can ana ɗauka cewa kowane yaro yana da kwamfuta ko tasa wayar, da ɗakin da zai rufe, da intanet ɗin da ba ya yankewa. A Aboabo da Yelwa da Tafo Zango, yawanci wayar uwa ce, kuma da ita ake karɓar kuɗin ciniki ta MoMo, don haka tana kasuwa har yamma. Bidiyo yana cin data sosai, dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, kuma ba ya sallama kafin ya zo. Mun ga wannan a 2020, lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris aka ce a koma karatu ta talabijin da intanet, yaran zango da yawa ba su koma karatu na gaske ba sai da aka buɗe azuzuwa a Janairun 2021. Duk wanda zai shirya sansani a nan dole ya sa kuɗin data a cikin kasafinsa, ya tura wa kowane gida kafin ranar taro, ya gajarta zaman bidiyo, ya kuma jingina sauran aikin a kan WhatsApp, wanda ko kakar yaro ta iya aika saƙon murya da shi. Ana iya ba da aikin zane da safe ta saƙon murya, yara su turo hotunansa da yamma, a haɗu kai tsaye sau biyu kawai a mako. Lokaci ma sai an zaɓa da lura, domin yaron zango yana da boko a ranakun aiki, yana da makarantar Arabiyya a ƙarshen mako, akwai salloli, akwai ranar ganin likita. Dogon hutun makaranta, tsakanin la'asar da magariba ko bayan isha'i da uwa ta dawo da waya, ya fi kama da abin da zai yiwu. Harshe kuwa, idan aka ce Turanci kaɗai, an sallami iyaye mata da yawa tun daga ƙofa. Rukunin Hausa da rukunin Twi ba su da wuyar samu a wannan gari, kuma yaranmu da yawa suna jin duka biyun.

Abinci shi ne wurin da sansanin gida zai fi na waje amfani nesa ba kusa ba. Takardar da aka rubuta a Amurka tana gargaɗi a kan abincin gwangwani da cuku, alhali gishirin da ke damun ɗanmu yana cikin dunƙulen ɗanɗano da ake jefawa a kowace tukunya, da kifin koobi da momoni, da shito da ake zubawa a kan wakye. Yaron da ƙodarsa ta gaza kuma akan taƙaita masa abubuwa masu yawan fotashiyam irin su ayaba da ruwan kwakwa, akan kuma ƙayyade masa ruwan da zai sha a wuni, a garin da ledar ruwa ɗaya rabin lita ce kuma rana tana duka. Wannan ƙa'ida ba ɗaya ba ce ga kowane yaro, likitansa ne ke tsara masa ita. Amma zaman da masaniyar abinci za ta tsaya a gaban murhu ta nuna yadda ake miyar tuwo da citta da tafarnuwa da albasa da kanumfari har ta yi daɗi ba tare da dunƙule ba, yara da iyayensu suna binta daga gidajensu, zai sauƙaƙa wa uwar da ta gaji da girki biyu, ya kuma cire wa yaro takaicin cin abinci shi kaɗai a gefe.

Akwai batun sirri, kuma mai nauyi ne. A cikinmu ciwon gado abu ne da ake rufewa, saboda tsoron abin da zai jawo wa 'yan'uwan yaron mata idan an zo neman aure. Kumburin jiki kuma har yanzu akwai masu danganta shi da sammu ko jifa, su kai yaro wurin mai magani ya sha jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, alhali ƙodar da ke ciwo ita ce za ta tace su. Iyaye ba za su yarda fuskar ɗansu ta bayyana a taro ba sai sun tabbata ba za ta fita daga nan ba. Saboda haka sai an samu izininsu a fili da harshen da suke ji, a hana ɗaukar hoton allo da yaɗa shi, kada a bar babba ya keɓe da yaro a saƙon sirri, kuma kada a yi amfani da hotunan yaran wajen neman taimako ba da yardar iyaye ba. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane ta 2012 da dokar tsaron intanet ta 2020 wadda ta tanadi kariya ga yara, kuma bayanin lafiyar yaro yana cikin abin da ya wajaba a tsare. Zauren iyaye ma yana buƙatar ma'aikacin lafiya a ciki, domin duk inda masu jinya suka taru, ba a rasa mai tallan maganin da ya ce yana wanke ƙoda a kwana bakwai, ba a kuma rasa mai kyakkyawar niyya da zai ce a rage wa yaro ƙwaya tunda kumburin ya sauka. Firedinisolon ba a tsayar da shi farat ɗaya. Yin haka bayan an daɗe ana sha yana da haɗari ga rai.

Wani zai ce, a ƙasar da ake fafutukar kuɗin wankin ƙoda, maganar sansani ai ƙarin ado ne. Na fahimci mai wannan magana, domin na ga yadda ake sayar da kaya a biya kuɗin gwaji. A watan Yunin 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar nauyin wankin ƙoda takwas a wata ga yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi, kuma wannan ya fi kowane sansani muhimmanci ga wanda ya kai wannan matakin. Sansani ba ya rage furotin a fitsari, ba ya maye gurbin ganin likita. Sai dai kuɗin da yake ci kaɗan ne idan aka gwada da na jinya, kuma yana aiki ne a wurin da asibiti ba ya iya kaiwa, wato sauran kwanakin wata da yaro ke gida tsakanin wannan ganin likita da na gaba, inda ake yanke shawarar a sha magani ko a ɓoye shi.

Farawa ba ya buƙatar jiran wata ƙungiya daga ƙetare. Sassan kula da ƙodar yara a Gee da asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Accra sun san iyalan, kuma ta hannunsu ne kawai ya dace a tuntuɓi iyaye, ba ta hanyar karɓar sunaye a ba wani ba. Akwai ƙungiyar Rare Disease Ghana Initiative da ke aiki a kan cututtukan da ba a cika gani ba. Akwai ɗaliban likitanci da na jinya 'yan zango a jami'ar KNUST waɗanda ke jin Hausa kuma za su iya kula da rukuni idan an horar da su. Limamai da magajiyoyi kuwa su ne za su iya gamsar da uban da ke ɗari-ɗari cewa ba tonon asiri ake nufi ba. Ranar cututtukan da ba a cika gani ba tana zuwa a ƙarshen Fabrairu, ranar ƙoda ta duniya kuma a Alhamis ta biyu ta watan Maris, kuma kwanakin da ke tsakaninsu, mako ɗaya zuwa biyu, sun isa a gwada rukuni ɗaya na yara shida ko takwas. Na tambayi ɗan ƙanwata abin da zai fara yi idan aka haɗa shi da su. Ya ce zai nuna musu littafin da yake rubuta sakamakon gwajin fitsarinsa na kowace safiya, sannan ya tambaye su ko su ma an hana su wakyen bakin titi.